Ba kowane ƙaiƙayi ne sanyi ba: ciwon fatar gaban mace mai daɗewa

Zancenmu na wannan mako na mata ne, amma maigida kada ka tashi, da kai ake. Zance ne mai nauyi a baki, shi ya sa ba a yin shi a dandali. Za mu kira kowane abu da sunan da ya dace, ba da batsa ba.

A wurinmu, duk abin da ya dami mace a gabanta suna ɗaya gare shi: sanyi. Ruwa yana fita, sanyi ne. Ƙaiƙayi, sanyi. Zafi wajen kwanciya da miji, sanyi. To, sanyi gaskiya ne, akwai shi. Ƙwayoyin cuta ne ke shiga hanyar haihuwa, wasu ana ɗauka wajen saduwa, wasu kuma a jikin mace suke zaune, su yi yawa in sun sami dama. Irin wannan, in an dace da magani, cikin kwanaki kaɗan ko mako biyu ya wuce.

Amma akwai macen da ta yi shekara uku tana susa. Ta sha kafso, ta yi matsi, ta sha saiwa, an yi mata allura, an ba mijinta shi ma ya sha. Ƙaiƙayi yana nan. Wannan mace, sau da yawa, ba ƙwayar cuta ke damunta ba. Fatar wurin ce kanta ba ta da lafiya, kuma maganin sanyi ba ya yi wa fata kome.

Ku lura. Gaban mace daga waje, wato manyan leɓɓa da ƙanana, da ɗan tsaka, da bakin ƙofa, har zuwa dubura, fata ce kamar ta hannu ko ta wuya. Duk ciwon da ke kama fata yana iya kama ta. Ta ma fi sauran wahala, don ba ta da kauri, kullum a rufe take, ga zufa, ga fitsari, ga jinin al'ada, ga gogar tufa. Ciwon da muke magana a kai ba ciwon daji ba ne. Ba a ɗaukarsa wajen saduwa, ba a ba miji, ba a ba kishiya, ba a samunsa a bakin masai ko a buta. Ba alamar zina ba ne, ba kuma alamar ƙazanta ba. Sau da yawa ma mai yawan wanke-wanke ya fi kamawa.

Wanda ya fi yawa: susa mai haifar susa

Abin yakan fara da ɗan ƙaramin dalili. Sabon sabuni, ko zafin bazara na watan Afrilu da Mayu, ko sanyi na gaskiya da ya zo ya tafi. Mace ta sosa. Susa tana da daɗi, amma farce yana ji wa fata rauni, fata mai rauni kuma ta fi ƙaiƙayi. Sai a ƙara susa. Da dare abin ya fi tsanani, har cikin barci hannu yana aiki mai shi ba ta sani ba. Bayan watanni fata ta yi kauri kamar tafin hannun manomi, layukanta su fito fili, gashi ya kakkarye, wurin ya yi baƙi ƙirin ko ya yi toka-toka. Dalilin farko ya daɗe da wucewa, yanzu susar ce ciwon. Likitoci suna ce wa wannan liken mai sauƙi, ko ekzema da ta daɗe. Masu asma da masu yawan atishawa da waɗanda suka yi ƙurajen fata tun suna yara sun fi saurin kamuwa.

A nan sai mu tsaya kaɗan, don nan ne hannunmu yake a ciki. Mace in ta ji ƙaiƙayi, abu na farko da ke zo mata shi ne datti ne. Sai ta tashi da wanki. Ruwan zafi, sabuni mai ƙarfi, soso, Dettol, alif, kanwa, gishiri, lemun tsami, ruwan bagaruwa, wata har toka. Ruwan zafi yana kashe ƙaiƙayi na ɗan lokaci, shi ya sa ake yarda da shi. Amma fata tana da wani ɗan maiƙo nata wanda ke tsare ta, kamar yaɓen da ke tsare katanga daga ruwan sama. Kowane wanki mai ƙarfi yana kankare wannan maiƙo. Fata ta bushe, ta tsattsage, abin da bai shiga da ba yanzu ya shiga. Haka nan turaren tsugunno, da kayan matsi da ake saye a kasuwa ba a san abin da ke ciki ba, da man shafawa mai ƙamshi, da wandon leda da ba ya shan zufa, da ƙyallen al'ada da aka wanke da omo ba a ɗauraye sosai ba. Maijego ma, ruwan wankanta in ya yi zafin da hannu ba ya iya zama a ciki, to wurin nan ba ya iya ɗauka.

Macen da fitsari ke zubo mata, ko don tsufa ko don yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, fatarta kullum a jiƙe take, fitsari yana cin ta. Ita maganinta na farko shi ne a gyara yoyon. Ana yin wannan aiki a Yamai da Damagaram, da asibitin Danja kusa da Maraɗi.

Farin ciwo

Na biyu bai kai na farko yawa ba, amma shi ya fi buƙatar ku saurara. Sunansa a bakin likita liken iskilero. Wani likitan fata na birnin Faris, Hallopeau, shi ya bayyana shi a 1887. Mu bari mu kira shi farin ciwo, don haka yake a ido. Fata takan yi fari fat, ta yi sheƙi, ta yi laushi da ƴan tamoji kamar takardar da aka dunƙule aka buɗe. Abu kaɗan ya tsaga ta, jini ya kwanta a ƙarƙashinta. Farin yakan kewaye gaba ya kewaye dubura, ya yi siffar lamba 8. Ba ya shiga cikin hanyar haihuwa, a waje yake tsayawa.

Mene ne ke kawo shi? Jiki yana da masu tsaronsa a cikin jini, waɗanda aikinsu yaƙi da cuta. A wannan ciwo su ne suke juyowa su far wa fatar mai su. Shi ya sa ake yawan ganinsa tare da ciwon ƙululun wuya, inda maƙoƙo ke fitowa, don shi ma wani lokaci haka yake faruwa. Yana bin dangi a wasu gidaje. Yana kama mace a kowane shekaru, amma ya fi yawa a wurin waɗanda al'ada ta ɗauke musu, sai kuma ƴan mata ƙanana da ba su balaga ba. Maza ma yana kama su a kan kaciya, sai dai da wuya a gan shi a jikin wanda aka yi wa kaciya tun yana yaro.

Ga abin da ya sa ba a wasa da shi. In an bar shi shekara da shekaru, fata tana tsukewa ta manne. Ƙananan leɓɓa su shafe kamar ba a taɓa yin su ba. Fata ta rufe ɗan tsaka. Ƙofa ta ƙuntata, kwanciya da miji ta zama azaba, kowane lokaci sai ta tsage. Wata har fitsari ya riƙa fita da ƙyar. Abin da ya riga ya manne, man shafawa ba ya mayar da shi yadda yake da. Magani yana tsayar da ɓarna ne inda ya same ta. Wadda ta zo a shekarar farko da wadda ta zo a ta goma, ba abu ɗaya za su samu ba.

Sa'an nan, ko da yake shi ba daji ba ne, fatar da ta daɗe cikin wannan hali tana iya rikiɗewa. Cikin mata 100 masu farin ciwo, waɗanda daji ke fito musu a wurin ba su kai 5 ba. Kaɗan ne, amma ba a raina shi. A ƙasar Ostiraliya likitoci sun bi mata 507 masu wannan ciwo shekaru da dama, suka fitar da sakamako a 2015. Cikin 357 da suka riƙe magani yadda aka ce, ko ɗaya ba ta sami daji ba. Cikin 150 da suka riƙa yi suna bari, 7 sun sami daji ko mafarinsa. Kun ji bambanci.

Wata takan ga farin ta tsorata, ta ce kuturta ce, ta ɓoye. Tabon kuturta ba ya ƙaiƙayi, hasali ma wurin mutuwa yake yi, a taɓa ba a ji. Akwai kuma farin da launi ne kawai ya tafi, fata lafiya lau, ba ƙaiƙayi ba tsagewa. Ido mai ilimi ne ke raba su.

Uwaye, ga naku. Yarinya ƴar shekara biyar ko bakwai da ke yawan sa hannu a wando, ba rashin kunya ba ne, kada a doke ta. Sau da yawa ƴan tsutsotsin dubura ne masu fitowa da dare, ko sabuni, ko rashin iya tsarki. Amma in tana kuka wajen bayan gida, tana riƙe kashi don tsoron zafi, kin duba kin ga fari da ɗan jini, farin ciwo yana iya zama. Jinin da ke kwanciya a fatar yakan sa a zargi wani da taɓa yarinya. A kai ta likita ya duba, shi zai faɗi ko wannan ne ko wancan, kafin a shiga rigima da maƙwabta.

Akwai ɗan'uwan farin ciwo da ake kira liken pilan. Shi zafi da raɗaɗi ya fi yi, ba ƙaiƙayi ba. Bakin ƙofa yakan saɓule ya yi ja kamar ɗanyen nama, yana shiga har ciki ya manne hanya, kuma sau da yawa akwai irinsa a baki, fararen zare-zare a cikin kumatu ko dasashi mai ciwo. In kina da ciwon baki da na ƙasa tare, ki faɗa wa likita duka biyu, ko bai tambaya ba. Wani ciwon kuma mai suna soriyazis, wanda ke sa ɓawo a kai da gwiwa da gwiwar hannu, shi ma yakan sauka wurin.

Abin da za a yi

Da farko a duba. Ba a gane ciwon fata da labari, sai da ido. Matan da suka yi shekaru suna shan maganin sanyi, in kin tambaye su, da yawa ba wanda ya taɓa duba su. Sun faɗa a bakin taga, an rubuta takarda, ko mai tallar magani a kasuwa ya ƙirga musu kafso. Ki je gidan likita na kusa ki ce kina son ganin ungozomar likita. Ki gaya mata wata nawa, ki gaya mata duk abin da kika sha da abin da kika shafa, har na gargajiya. Ki ce: ina so a duba ni. In abin ya fi ƙarfinta za ta tura ki gaba. Manyan garuruwan jihohi, Maraɗi, Damagaram, Tawa da sauransu, suna da asibitin uwa da ɗa, a Yamai kuma akwai asibitin haihuwa na Isaka Gazobi da likitocin fata.

Likita zai fara kawar da wasu abubuwa masu kama da wannan. Ciwon sukari yana sa ƙaiƙayin gaba mai dawowa, ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a sani. Ƙazwa da ƙwarƙwata suna sa susa, amma su sukan kama mutanen gida. Wadda ke wanki ko aikin shinkafa a bakin kogi, ko a tabki da gonakin noman rani, ta faɗa, don tsargiya ba mafitsara kaɗai take kamawa ba, ƙwanta yana zama a gaban mace ya sa ƙaiƙayi da ƙuraje da jini, kuma maganinta daban ne. In ido bai raba gardama ba, sai a kashe wurin da allura a ɗebi ɗan ƙanƙanin fata, kamar ƙwayar dawa, a kai a duba. Ba fiɗa ba ce, a ranar za ki koma gida.

Maganin farin ciwo man shafawa ne mai ƙarfi, daga dangin da ake kira kortikoyid, sunansa kilobetazol. Ba tun da can aka san haka ba. A da, likitocin Turai sukan yanke fatar wurin gaba ɗaya, ciwon kuma ya dawo a bakin ɗinkin. A 1991 ne likitoci a Ingila suka nuna cewa wannan man yana kwantar da shi, tun daga nan aka bar yanka sai in ƙofa ta toshe ko daji ya fito.

Yadda aka saba bayar da shi ga shi, ku ɗauki alkalami. Mako 4 na farko, kowane dare. Mako 4 na biyu, dare ɗaya a shafa, dare ɗaya a huta. Mako 4 na uku, sau biyu a mako. Mu yi lissafi: 28, a ƙara 14, a ƙara 8, shafawa 50 ke nan. Kowace shafawa, a matso daga kan yatsa zuwa gaɓa ta farko, wajen rabin giram. Rabin 50, giram 25. Ashe mazubi ɗaya mai giram 30 ya isa wata uku. In naki ya ƙare cikin mako biyu, kina zubawa da yawa. In wata shida ya wuce bai taɓu ba, ba ki shafawa. Ki sa madubi ki ga inda farin yake, nan za ki shafa, siriri, ba a cusawa ciki. Ki ja layi a bango ko a kalanda kowane daren da kika shafa.

Cikin mako biyu ko uku ƙaiƙayi yakan kwanta, kuma nan ne mata da yawa ke faɗuwa. Sun ji sauƙi, sun ajiye. Farin ciwo ba ya warkewa a rabu, kwantar da shi ake yi, kamar hawan jini. Bayan wata ukun, yawanci likita zai ce a ci gaba sau ɗaya ko biyu a mako, a riƙa komawa ana dubawa ko da sau ɗaya a shekara. Da wannan mace tana zaman aurenta, ta yi ciki, ta haihu.

Wani abu kuma. Wannan kilobetazol ɗin shi ne a cikin mayukan canza launi da ake jibgewa a kasuwa, waɗanda ke ɓata fuskar ƴan mata. Don haka wata in ta ga sunan sai ta ji tsoro, wata kuma ta ce ai ga shi a tebur da araha. Duka biyu kuskure ne. Abin da ke ɓata fata shi ne a shafe jiki duka, safe da yamma, shekara da shekaru. Ɗan kaɗan a wurin ciwo, da awo, gyara yake yi. Na tebur kuwa ba ki san abin da aka haɗa a ciki ba, ya sha rana, kuma in ashe ciwonki makero ne ko sanyi na gaskiya, wannan man ƙara masa ƙarfi zai yi. A saya a farmasi, da takardar likita.

Mai susa mai haifar susa, ita ma akan ba ta irin wannan man na ƴan makonni, da ƙwayar da ke kwantar da ƙaiƙayi ta sa barci. Amma rabin maganinta a hannunta yake, kuma wannan rabin ya shafi kowa, ko wane iri ne ciwon. Tsarki da ruwa zalla, mai sanyi ko ɗumi kaɗan, da tafin hannu, ba soso. Ruwa ya isa tsarki, addini bai ce sai da sabuni ba. A tsane da ƙyalle mai laushi, a dafa, kada a goga. A shafa basilin fari marar ƙamshi, ko man kaɗanya tsantsa, kafin fitsari da bayan tsarki, musamman da hunturu lokacin da fata ke tsagewa. Wando na auduga mai sakin jiki, da dare kuma zane kaɗai. A yanke farce. In ƙaiƙayi ya taso tsakar dare, a jiƙa ƙyalle da ruwan randa a ɗora. Ƙyallen al'ada a ɗauraye shi sau biyu sau uku, a shanya a rana. Ba tsada cikin wannan, abin da aka rage ma ya fi abin da aka ƙara.

Yanzu maganar aska. A garuruwanmu, in mace ta ce tana ƙaiƙayi, ko miji ya kasa shiga, akwai masu cewa gishiri ne ko angurya, a kira wanzami ko tsohuwa ta yanka. Ku dubi abin da muka faɗa a baya. Fatar da ke tsukewa don ciwo, in an tsaga ta, da tabo take warkewa, tabo kuma ƙara tsukewa yake. Aska in ta zarce ta huda mafitsara, mace ta koma yoyon fitsari, ga zubar jini, ga cutar da aska ke ɗauka daga wannan zuwa waccan. Tun shekarar 2003 dokar Nijar ta hana yanka gaban mace, mai yi da mai taimakawa duk suna da hukunci. In ƙofa ta ƙuntata har sai an buɗe, aikin likita ne, kuma sai an bi da man shafawa don kada ta sake mannewa.

Maigida, mun ce da kai ake. Matar da ke janye jiki ba lalle ƙinka take yi ba. Mai tsaga a leɓe ma da ƙyar yake cin tuwo. Kada ka ce ta kwaso, kada ka ce asiri aka yi mata, kada ka tilasta. Ka ba ta izini da kuɗin mota, ka sayi maganin, ka yi haƙuri na ƴan makonni har fata ta haɗe. In an koma, a sa abin santsi, a bi a hankali. Kuma ka tuna da tsohuwarka. Mata masu shekaru su ne ciwon ya fi kamawa, su ne kuma ba za su taɓa buɗe baki su gaya wa ɗa ba. Matarka ko ƙanwarka tana iya tambayarta.

Ko kina kan magani ko ba kya kai, akwai alamun da ba a jira da su. Ƙullutu mai tauri da ya fito a wurin. Gyambon da ya wuce mako uku bai rufe ba. Wuri ɗaya da ya yi kauri ko ya canza launi, man shafawa bai taɓa shi ba. Jini ba na al'ada ba, balle ga wadda al'ada ta ɗauke mata. Kaluluwa a matsematsi da ba ta sauka. Wanda duk kika gani cikin waɗannan, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki tafi cikin makon nan. Ki sami madubi da haske, sau ɗaya a wata, ki duba kanki, don ki san yadda wurin yake ki kuma gane in ya sake.

Wadda ta iya karatu ta karanta wa maƙwabciyarta. Masu tambaya su ba malamin ajinsu a rubuce, ba sai an sa suna ba, za mu kai wa likita mu kawo amsa a shiri na gaba. Sai wani mako, mu kwana lafiya.